Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitin Gyaran Tsarin Mulki: In Abu Ya Lalace A Kano, Rigar Wa Za Mu Riƙe?

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa kuma Shugaban Kwamitin Gyaran Kundin Tsarin Mulki, Sanata Barau Jibrin, da sauran 'yan kwamitin, da sanatocinmu da 'yan Majalisar Wakilai 24 da ke wakiltar Jihar Kano a Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, muna roƙon Allah Ya dafa muku a kan nauyin da ke wuyanku.

Ni tsohon malamin sakandare ne, darasin Gwamnati na koyar har na yi ritaya, yanzu ina zaman shago a wata unguwa da ke arewacin birni. Ba ni da ƙungiya mai rajista ko takarda mai tambari. Ina magana ne da bakin maƙwabtana da muke zama a ƙofar masallaci bayan La'asar: teloli, masu walda, direbobin Adaidaita Sahu, mai injin markaɗe, da 'yan fansho irina. Su suka ce tunda na san sassan kundin in riƙe alƙalami, amma maganar tamu ce gaba ɗaya.

A watan Yulin 2025 kwamitinku ya zauna a nan Kano don sauraron jama'ar Arewa maso Yamma. Mun bi zaman ta rediyo. Abin da ya fi cika mana kunne shi ne neman sababbin jihohi, su Tiga da Gari, da ƙarin ƙananan hukumomi. Ba mu raina buƙatar masu nema ba, mutumin Doguwa ko na Tudun Wada ya san nisan da ke tsakaninsa da gidan gwamnati. Sai dai ko an yanka Kano gida uku, muddin ba a taɓa rabon iko ba, abin da za a samu shi ne gwamna uku masu jiran kason wata daga Abuja a maimakon ɗaya. Tambayar da ta hana mu barci ita ce wadda ba ta cika samun tafi a zaure ba: wane ne ke da iko da me, kuma in abu ya lalace, wa za mu tuhuma?

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa kundin 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta miƙa wa farar hula ta hanyar dokar soja mai lamba 24, ya jera abubuwa 68 da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu. Wasu ba mai jayayya a kai: soja, kuɗin ƙasa, harkokin waje, kwastan, fasfo. Amma a cikin jerin nan akwai 'yan sanda, akwai duk wani ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa, akwai ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, har ma'auni da sikeli. Wato sikelin da ake auna riɗi da shi a Dawanau, dokarsa a Abuja take. A inda aka ce Tarayya da jiha duk suna iya yin doka, sashe na 4 ya ce in dokokin biyu suka ci karo, ta Tarayya ce a sama.

Ba haka aka faro ba. A Jamhuriya ta Farko kowane yanki da nasa tsarin mulkin, kuma rabin kuɗin ma'adinai na komawa inda aka haƙo su. Gwamnatin Arewa ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a zamanin da gyaɗa da auduga da fata ke riƙe da baitulmali, sai a 1975 soja suka mai da ita ta Tarayya. Da Janar Ironsi ya fito da doka mai lamba 34 a watan Mayun 1966 ya ce an soke yankuna, mulki ya koma dunƙule a hannu ɗaya, Kano na cikin garuruwan da suka yi bore. Abin da iyayenmu suka ƙi a rana ɗaya, shi gwamnatocin soja suka yi ta shigo da shi sannu a hankali, doka bayan doka, har aka ɗinke shi a cikin kundin da kuke gyarawa yau.

Bari in fara da tsaro, don nan ne ciwon ya fi zafi.

Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, ba a yarda a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ce gwamna na iya ba Kwamishinan 'Yan Sanda umarni, amma kwamishina na da damar cewa sai an kai maganar gaban Shugaban Ƙasa ko ministansa kafin ya aiwatar. Duk da haka kullum a rediyo ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiha. Jiha ce ke sayen motocin sintiri, ita ke zuba mai, ita ke gyara caji ofis, amma ba ta da ikon ɗaga ko kurtu ɗaya daga Sheka zuwa Dorayi.

Kano ta ɗanɗana wannan fiye da yawancin jihohi, saboda mun sha zama a jam'iyyar da ba ita ke mulki a tsakiya ba. Ranar 10 ga Yuli, 1981, lokacin da Abubakar Rimi na PRP ke gwamna, NPN ke mulkin Tarayya, aka ƙona gine-ginen gwamnati a garin nan, aka kashe mai ba gwamna shawara, Dakta Bala Muhammad, kuma gwamnatin jiha ta zargi 'yan sanda da zuba ido. A Fabrairun 2006 Gwamnatin Tarayya ta haramta Hisbar da Majalisar Dokokin Kano ta kafa da doka a 2003, aka kama shugabanninta aka tafi da su Abuja. A Yunin 2014, bayan rasuwar Sarki Ado Bayero, 'yan sanda suka kewaye fada, sabon sarkin da gwamnatin jiha ta naɗa ya yi kwanaki a gidan gwamnati kafin ya shiga gidan Dabo. A Mayun 2024 majalisar jiha ta soke dokar masarautu ta 2019, aka sauke sarkin da ke kan karaga aka mai da wanda ya gada, Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarni ɗaya, Babbar Kotun Jiha ta ba da kishiyarsa, gwamna ya ba da nasa umarnin, 'yan sanda suka ce na kotun Tarayya za su bi. Sai a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tun farko kotun Tarayya ba ta da hurumin sauraron rikicin sarauta, magana kuma ta zarce Kotun Ƙoli. Ranar 1 ga Oktoba, 2025, a filin faretin samun 'yancin kai, gwamna da bakinsa ya shaida wa jama'a cewa an janye 'yan sanda daga wurin.

A majalisarmu ta ƙofar masallaci akwai masu wannan sarki, akwai masu wancan, kuma mun yi alkawari ba za mu sa wannan gardamar a wasiƙa ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne asarar. An hana hawan Sallah a 2024, an sake hanawa a 2025, a daidai lokacin da hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Ku tambayi masu ɗinkin kayan doki, da masu hayar dawakai, da masu otal, da yaran da ke sayar da ruwa da lemo a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, abin da hakan ya ja musu. Ku lura kuma, a 2014 da 2024 mutanen da ke riƙe da Abuja sun canza, waɗanda ke kuka sun canza, amma wasan ɗaya ne. Matsalar a rubuce take a cikin kundi, duk wanda ya hau kujera zai tarar da ita.

A ƙasa kuwa, inda talaka yake, ga yadda abin yake. Faɗan daba da ƙwacen waya sun sa mutane sun daina amsa kira a bakin titi bayan Magariba. A layinmu kowane gida na ba da kuɗin 'yan sintiri duk wata, matasa ne da tocila da gora da usur. Akwai wani jami'i da aka taɓa kawo mana, ya zauna har ya san lungunan, ya san gidan da ake sayar da ƙwaya, ya san uwar kowane yaro mai ɗaukar barandami, har yakan zo sallar Asuba ya tsaya ya saurari dattawa. Unguwa ta fara numfasawa. Rana ɗaya takardar canji ta zo daga sama, aka mai da shi wata jiha mai nisa. Babu wanda ya tambayi mai unguwa, babu wanda ya tambayi ciyaman, kuma na tabbata ko gwamna ba a tambaya ba. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma sai da tafinta yake jin ƙorafin tsohuwa, kafin ya gane hanyar shiga lungu an gama ɓarna, sai ihu bayan hari.

Kada ku ɗauka ba mu san haɗarin 'yan sandan jiha ba. Mu Kanawa ne, akwai dattawan da har yau suna ba da labarin yadda 'yan doka na En'e suka riƙa kama 'yan NEPU, a gurfanar da su gaban alƙali, a yi musu bulala ko a ɗaure su don sun halarci taron Malam Aminu Kano. Wannan ne ya sa da aka narkar da 'yan doka cikin rundunar ƙasa a zamanin Gowon, talakawa da yawa suka yi hamdala. Gwamnan da zai iya rushe shagon abokin hamayya da katafila, in aka ba shi bindiga ba tare da linzami ba, Allah kaɗai Ya san inda zai tsaya. Amma tsoron nan dalili ne na a rubuta dokar da kyau. Barin mutum miliyoyi a hannun rundunar da shugabanta ke Abuja, ba ya amsa tambayar kowa a Kano, shi ma zalunci ne, sai dai mun saba da shi.

Na biyu, wuta da ruwa. A nan dole a yaba: gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali, sannan dokar lantarki ta biyo baya a Yunin shekarar. Wannan ya nuna ana iya rage wa Abuja kaya sama ba ta faɗo ba. Amma a Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta Binuwai ya faɗi, Kano da yawancin Arewa suka kwana fiye da mako cikin duhu. Telan da ke kusa da ni ya koma keken ƙafa, mai walda ya rufe shago ya sallami yaransa, ƙanƙara ta zama abin nema, masu cajin waya da janareta su kaɗai suka yi ciniki. Masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai da suka rage, dizal ya cinye ribarsu. Babu wanda muka zaɓa a jihar nan da ke da ikon gyara wayar da ta katse.

Madatsar Tiga Audu Baƙo ne ya gina ta a farkon shekarun 1970, da sunan Jihar Kano. Yau tana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta Tarayya. Mun yarda ruwan da ke gangarawa Jigawa da Yobe ba na Kano kaɗai ba ne, dole a sami mai raba gardama. Amma raba gardama daban, riƙe makullin kowace magudanar Kadawa da Kura daban. An ce jiha ta samar da wutarta, alhali ruwan da za ta juya injin da shi a hannun wani yake, iskar gas a hannun wani, kuɗin ma a hannun wani.

Hanyoyi ba sai na daɗe a kansu ba. An ba da kwangilar tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri a 2006, aka haura shekara goma sha biyar ana aiki. A bakin babban titin da ya ratsa unguwarmu akwai kwalbatin da ya toshe, duk damina ruwa sai ya shiga shaguna. Mun je ofis na kusa aka ce titin ya fi ƙarfinsu, muka je na gaba aka ce titin Tarayya ne, in suka taɓa ba mai biyan su, muka je na ukun aka ce sai an sa a kasafin baɗi. Da shebur da baro muka yashe shi da kanmu.

Na uku, kuɗi. Daga Asusun Tarayya, gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Tun 2004 ake kan wannan lissafi. A 2022 hukumar rabon arzikin ƙasa ta miƙa wa Shugaban Ƙasa sabon tsari da ya rage kason Tarayya, aka karɓa, aka yi hoto, shi ke nan. Amma firamaren da yara ke zaune a ƙasa, da asibitin Murtala da ke karɓar marasa lafiya har daga maƙwabtan jihohi da Jamhuriyar Nijar, da famfon da ba ya kawo ruwa, da sharar da ta cika kwata, duk a wuyan jiha da ƙaramar hukuma suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun ga sabuwar dokar haraji ta 2025 ta ɗaga kason jihohi a harajin VAT daga kashi 50 zuwa 55, mun gode, amma babban tulun ba a taɓa shi ba.

Na san da yawa daga cikin manyanmu na Arewa in suka ji an ce a sake fasalin ƙasa sai gabansu ya faɗi, suna ganin dabara ce ta hana mu kuɗin mai. A ganina wannan tsoron ya cuce mu. Garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari bai kamata ya zama mai tsoron tsayawa da ƙafarsa ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, amma kuzar da ke ƙarƙashin Riruwai lasisinta a Abuja ake bayarwa. In haƙa ta jawo rikici ko ta gurɓata rijiya, jiha ce ke kwasar gawa da jinya.

Na huɗu ya shafi gwamnoni ne, don kada su karanta wannan wasiƙa su yi murmushi. Abin da suke kuka Abuja na yi musu, shi suke yi wa ƙananan hukumomi, har da ƙari. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina naɗa kantomomi. A Kano, APC ta cinye kujeru 44 cif a zaɓen 2018 da na 2021, NNPP ta cinye 44 cif a na Oktoban 2024. Duk wanda ya san siyasar Kano ya san babu jam'iyyar da Kanawa suka taɓa yi wa irin wannan soyayya. Ciyaman ɗin da gidan gwamnati ya ɗora, gidan gwamnati zai riƙa kallo, ba mu ba. Kuma a gyaran da ya gabata, ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi a majalisun jihohi ya mutu, don bai sami amincewar majalisu 24 da sashe na 9 ya shar'anta ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku gyara sashe na 214 da 215 a ba jihohi damar kafa 'yan sandansu, amma ku rubuta linzamin a cikin kundin kansa, kada ku bar shi ga majalisun jihohi. Hukumar da za ta ɗauki ma'aikata ta kuma hukunta su ta ƙunshi ɓangaren shari'a da lauyoyi da 'yan adawa da sarakuna, gwamna kada ya iya cire shugaban rundunar sai da kashi biyu cikin uku na majalisa, albashinsu ya fita kai tsaye daga asusu, kuma a haramta musu kusantar akwatin zaɓe. Ta'addanci da laifin da ya tsallaka iyakar jiha su zauna a hannun rundunar Tarayya, a fayyace iyakar kowa ƙarara, don kada wata rana runduna biyu su yi cirko-cirko a Ƙofar Nasarawa.

Ku zauna da jerin nan na 68 ku bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ma'adinai, da hanyoyin Tarayya da suka shigo cikin gari, da madatsun ruwa da aikin noman rani, a mai da su inda jiha ke da ta cewa. Mafi ƙarancin albashi kuwa a bar shi a tsakiya, mun san halin wasu gwamnoni da haƙƙin ma'aikaci.

Duk aikin da kuka sauke wa jiha, ku sauke shi da kuɗinsa. Ku sa wa'adi a sashe na 162, ta yadda in hukumar rabon arziki ta kawo sabon tsari, dole ya iso gabanku cikin watanni ƙayyadaddu, ko Shugaban Ƙasa ya so ko bai so ba.

Ku soke asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi daga cikin kundin. Game da zaɓensu, mun yi gardama a tsakaninmu. Wasu sun ce a ba INEC, ni kuma na ce bai dace mu zo neman a rage wa Abuja iko mu ƙare da ƙara mata wani ba. Inda muka tsaya shi ne a bar hukumar zaɓe ta jiha, amma a ƙwace naɗin shugabanninta da kuɗinta daga hannun gwamna shi kaɗai.

Ku rubuta a fili wace kotu ce ke da hurumin shari'ar sarauta, da hukuncin da zai hau kan alƙalin da ya karɓi ƙarar da ya san ba tasa ba ce.

Ba yau aka fara wannan magana ba. Taron ƙasa na 2014 ya tattauna ta, kwamitin da jam'iyyar APC ta kafa ƙarƙashin Malam Nasiru El-Rufa'i ya ba da rahoto a 2018 yana goyon bayan 'yan sandan jiha da sauke iko, a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka ce sun amince a duba batun. Rahoto ba shi muka rasa ba. Don haka roƙonmu na ƙarshe mai sauƙi ne: a fassara ƙudirorin gyaran zuwa Hausa, a karanta su a gidajen rediyon Kano kafin ranar ƙuri'a, sannan a buga sunan kowane sanata da ɗan majalisar wakilai da yadda ya kaɗa a kan kowane ƙudiri. Haka muke nema daga 'yan majalisar dokokin jiharmu su 40 in takardun suka iso gabansu. Mun tanadi littafin da za mu rubuta sunayen.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, a madadin maƙwabtansa,
Birnin Kano.